Yadda ake shiga ma'ajiyar NAS daga kwamfutocin gida

NAS akwati ne mai faifan ajiya ɗaya ko biyu ko fiye, da ƙaramar kwamfuta a cikinsa, wanda ake jona wa rauta da waya domin duk na'urorin gida su riƙa ajiye fayil a wuri ɗaya. Na kamfanonin Synology da QNAP su ne suka fi yawa a kasuwa, wasu kuma tsohuwar kwamfuta suke ɗauka su ɗora mata manhajar TrueNAS ko OpenMediaVault. Duk zirga-zirgar da ke tsakanin kwamfutarka da akwatin a cikin gida take tsayawa, ba ta cin data ko kaɗan, kuma ko datar ta ƙare tana aiki muddin rauta na kunne.

In ka ga ya ƙi buɗuwa, kusan kullum ɗaya daga abu uku ne: adireshinsa ya canja, ko kwamfuta tana miƙa masa sunan da bai sani ba, ko yaren da suke magana da shi bai zo ɗaya ba. Wanda ya daidaita waɗannan tun ranar farko ya huta. Shi ya sa yawancin aikin da ke ƙasa a kansu yake, danna maɓallan kansa minti biyar ne.

Jona waya, ka gano adireshi

Da waya ake jona NAS, ba da waifai ba. Ka samu kebul na Cat5e ko Cat6, ka sa baki ɗaya a bayan akwatin, ɗayan a ɗaya daga ramukan LAN na rauta. Ka kula kada ka sa a ramin WAN, wanda sau da yawa launinsa daban ne. Ƙananan MiFi na aljihu ba su da ramin waya, don haka mai amfani da su sai ya nemi rauta mai ramuka. Ka kunna, ka ba shi kamar minti biyu zuwa uku ya gama tashi, fitilar ramin ta kama ƙiftawa.

Rauta za ta ba shi adireshin IP, lambobi huɗu irin 192.168.1.50. Hanya mafi tabbas ta ganinsa ita ce ka shiga shafin rautar da burauza. Adireshin shafin yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. A jerin na'urorin da suke jone za ka ga sunan akwatin da adireshinsa. Synology na da manhajar Synology Assistant, QNAP na da Qfinder Pro, dukansu suna lalubo akwatin da kansu. In adireshin da ka gani ya fara da 169.254, akwatin bai samu amsa daga rauta ba ke nan, sai ya ba kansa lamba. Ka duba waya, ka duba ko DHCP, wato tsarin da ke raba adireshi, na kunne a rautar.

Ga matakin da mutane suke tsallakewa su dawo suna kuka. Adireshin da rauta ke rabawa aro ne. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na'urori suna tashi ba bisa jerin jiya ba, wata rautar sai ta ba wayar wani yaro lambar da NAS ke riƙe da ita. Kwamfutarka kuwa tana nan tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. A gidan da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta sau biyu ko uku a yini, wannan ba ya daɗewa bai faru ba.

Maganinsa shi ne ka ɗaure adireshin. A shafin rauta ka nemi DHCP Reservation, wasu suna kiransa Address Reservation ko Static Lease. Ka zaɓi akwatin ta lambar MAC ɗinsa, wato haruffa da lambobi 12 da ke takardar jikinsa, ka ba shi adireshi na dindindin, ka adana, ka sake kunna akwatin. In rautarka ba ta da wannan, sai ka sa adireshin da hannu a cikin NAS ɗin, amma ka zaɓi lambar da ke wajen zangon da rauta ke rabawa. Idan tana raba 100 zuwa 200, ka ɗauki 50. Subnet mask 255.255.255.0 ne, gateway da DNS kuma adireshin rautar. In ka ɗauki lamba a cikin zangon, wata rana na'urori biyu za su tashi da adireshi ɗaya, haɗin ya riƙa katsewa ba ka san dalili ba. A sauran bayanin nan za mu ɗauka adireshin 192.168.1.50 ne.

Abin da za a shirya a cikin akwatin

Ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.1.50:5000 in Synology ne, ko 192.168.1.50:8080 in QNAP ne. Abu uku ake bukata a nan.

Na farko folda ta tarayya, wadda suke kira Shared Folder. Ka ba ta gajeren suna ba tazara, ba ƙugiya a haruffa: Iyali, Hotuna, Aiki. Sunan da ke da tazara yana aiki, amma a Linux zai ba ka wahalar da ba ta da amfani. Lokacin ƙirƙirarta ka kunna kwandon shara nata, Recycle Bin. Dalili kuwa, in ka goge fayil daga Windows a kan folda ta netuwok, ba ya shiga kwandon sharar kwamfutarka, tafiya yake yi gaba ɗaya. Wannan kwandon na akwatin shi kaɗai zai cece ka ranar da hannu ya kuskure.

Na biyu masu amfani. Kowane mutum a gidan a buɗe masa sunansa da kalmar sirrinsa, da ƙananan haruffa, misali musa. A kowace folda ka faɗi wanda zai iya karantawa da rubutawa, da wanda karatu kawai, da wanda ba ya shiga sam. Hotunan iyali, yara su samu karatu kawai. Kada ka yi amfani da asusun shugaba, wato admin, wajen aikin yau da kullum: in ƙwayar cuta ta kama kwamfutar da ke riƙe da wannan asusun, duk inda hannunsa ya kai nata ma ya kai. Asusun baƙo, guest, a bar shi a kashe.

Na uku SMB, yaren da Windows da Mac da Linux duk suke ji wajen musayar fayil, a kan tashar 445. A Synology yana Control Panel, File Services. Ka kunna shi, ka shiga Advanced Settings, ka sa mafi ƙanƙanta SMB2, mafi girma SMB3. SMB1 tsoho ne, ta cikin raminsa ƙwayar cutar WannaCry ta bi ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017, kuma tun daga Windows 10 bugu na 1709 Microsoft ta daina sa shi kai tsaye. Za ka ci karo da masu ba da shawarar a mayar da SMB1 in haɗi ya ƙi. Kada ka bi. Akwatin da bai san komai ba sai SMB1, ka sabunta manhajarsa, in ya ƙi sabuntawa lokacin ritayarsa ya yi.

Daga Windows

Kafin komai ka tabbata kwamfutar tana ganin akwatin. Ka buɗe PowerShell ka rubuta:

Test-NetConnection 192.168.1.50 -Port 445

In TcpTestSucceeded ya nuna True, hanya a buɗe take, duk abin da ya biyo baya matsalar suna ce ko izini. In False ne, kada ka ɓata lokaci kan kalmar sirri, matsalar ta netuwok ce, ka sauka zuwa sashen da ya yi magana a kanta.

Sai ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\192.168.1.50 ka danna Enter. Layukan biyu masu karkata baya ne, ba irin na adireshin intanet ba. Zai tambayi suna da kalmar sirri. Na NAS ake nufi, ba na shiga kwamfutarka ba, kuma ba lambobin PIN ba. In ya ƙi karɓa alhali ka tabbata daidai ka rubuta, ka danna More choices, Use a different account, ka rubuta sunan haka: 192.168.1.50\musa. Wannan yana hana Windows liƙa sunan kwamfutarka ko asusun Microsoft a gaban sunan.

Don foldar ta zauna kamar faifai mai harafinsa, ka buɗe File Explorer, ka danna This PC. A Windows 11 ka danna ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi Map network drive, a Windows 10 yana ƙarƙashin Computer. Ka zaɓi harafi daga ƙarshen jeri, kamar Z, don kada filashin da za a soka gobe ya yi karo da shi. A wurin Folder ka rubuta \\192.168.1.50\Iyali. Ka sa alama a Reconnect at sign-in da Connect using different credentials, sannan a tagar kalmar sirri ka sa alama a Remember my credentials. Mai son layi ɗaya a Command Prompt ga shi:

net use Z: \\192.168.1.50\Iyali /user:musa * /persistent:yes

Tauraron yana sa a tambaye ka kalmar sirri maimakon ka rubuta ta a fili. Kada ka buɗe tagar a matsayin administrator yayin wannan umarni, domin faifan da aka ɗaura a can ba zai bayyana a File Explorer ɗinka na yau da kullum ba. Akasin haka ma yana faruwa: manhajar da aka buɗe da ikon administrator ba ta ganin Z, sai ka ba ta cikakkiyar hanya mai layuka biyu.

Cewa akwatin bai fito a ƙarƙashin Network ba, ba ya nufin ba ya aiki. Wancan jerin ya dogara ne da wata hanyar shela daban. In kana son ya fito, ka mayar da netuwok ɗin Private maimakon Public a Settings, Network & internet, ka kunna Network discovery, sannan a akwatin ka kunna WS-Discovery. In ba ka damu ba, adireshi ya wadatar.

Kura-kuran Windows da aka fi gani

Kuskure mai lamba 1219 yana cewa ba a yarda mutum ɗaya ya shiga saba ɗaya, wato akwatin, da sunaye biyu ba. Windows ba ta riƙe asusu biyu zuwa akwati ɗaya a lokaci guda. Yana faruwa in ka buɗe wata folda da suna ɗaya, sannan ka nemi wata da wani sunan. Ka rufe duk fayilolin da ke buɗe, ka rubuta net use * /delete, ka sake shiga. In dole sai sunaye biyu, akwai dabara: Windows na ɗaukar adireshi da sunan akwati a matsayin saba biyu, sai ka shiga ɗaya da \\192.168.1.50, ɗayan da sunan da ka raɗa wa akwatin.

In ka canja kalmar sirri a NAS, Windows za ta ci gaba da aika tsohuwar. Wannan ya fi yadda ake zato muni, domin akwatin na iya ɗaukar kwamfutarka a matsayin ɓarawo ya toshe adireshinta bayan ƙoƙari kaɗan. A Synology sunan wannan Auto Block, yana ƙarƙashin Security, can za ka cire adireshin daga jerin waɗanda aka toshe. A Windows kuma ka buɗe Credential Manager, Windows Credentials, ka goge shigarwar akwatin, ka sa sabuwa.

Sai wanda ya addabi mutane tun fitowar Windows 11 bugu na 24H2 a 2024. Foldar da ke buɗuwa jiya ba tare da kalmar sirri ba, yau ta ƙi, a ce maka dokokin tsaro sun hana shigar baƙo, ko a nuna 0x80070035. A wannan bugun, nau'in Pro ya daina komawa asusun baƙo, kuma yana neman a riƙa sa hannu a kan saƙonnin SMB, abin da shigar baƙo ba ta iyawa. Ana iya kashe dokokin biyu, amma ya fi sauƙi kuma ya fi lafiya ka buɗe asusu mai kalmar sirri a akwatin ka shiga da shi.

Jan kuros a kan Z bayan kunna laftof ba wani abu ba ne. Windows ta nemi akwatin tun waifai bai gama haɗuwa ba. Danna shi sau biyu, zai buɗe.

Daga Mac

Ka buɗe Finder, ka danna Command da K, ka rubuta smb://192.168.1.50, ka danna Connect. Ka zaɓi Registered User, ka goge sunan da Mac ta cika da kanta, domin na kwamfutar ne, ka sa na NAS, ka yarda a ajiye kalmar sirri a Keychain. Don foldar ta dawo da kanta, ka je System Settings, General, Login Items, ka danna alamar ƙari ka zaɓe ta. Kada ka kunna AFP, tsohon yaren Apple na musayar fayil, a akwatin, Apple kanta SMB ta koma, har Time Machine, manhajarta ta adana kwafi, tana iya tafiya a kansa tun daga macOS Sierra.

Mac tana zubar da ƙananan fayiloli masu suna .DS_Store a duk foldar da ta leƙa, masu Windows su riƙa ganinsu suna tambaya. Wannan layin a Terminal yana hana ta, bayan ka fita daga asusunka ka sake shiga:

defaults write com.apple.desktopservices DSDontWriteNetworkStores -bool TRUE

Daga Linux

Don leƙawa kawai, smb://192.168.1.50/Iyali a manhajar fayil ya isa. Don ɗauri na dindindin a Ubuntu ko Debian, ka sa cifs-utils da sudo apt install cifs-utils, ka ƙirƙiri wurin ɗauri da sudo mkdir /mnt/iyali. Sannan ka buɗe fayil mai suna /root/.nas ka rubuta layi biyu, username=musa da password= tare da kalmar sirrin, ka kulle shi da sudo chmod 600 /root/.nas. Ba a rubuta kalmar sirri a fstab, fayil ɗin da ke lissafa abin da za a ɗaura, don kowa a kwamfutar yana iya karanta shi. Layin da za ka ƙara a /etc/fstab shi ne:

//192.168.1.50/Iyali /mnt/iyali cifs credentials=/root/.nas,uid=1000,gid=1000,vers=3.0,_netdev,nofail,x-systemd.automount 0 0

Kowane guntu da aikinsa. In babu uid da gid, fayilolin za su fito a matsayin na root, wato asusun shugaba, ka iya karantawa ka kasa rubutawa. Umarnin id zai nuna maka lambobinka, 1000 ce ga asusun farko a yawancin lokuta. Shi nofail yana hana kwamfuta tsayawa cak wajen tashi in akwatin na kashe, shi kuma x-systemd.automount yana jinkirta ɗaurin sai lokacin da aka taɓa foldar. Bayan adanawa ka rubuta sudo systemctl daemon-reload, sannan sudo mount -a. Kuskure na 13 suna ne ko izini, na 2 yawanci sunan folda ne ba daidai ba, na 112 mai cewa saba ta faɗi kuwa sau da yawa rashin jituwar nau'in SMB ne, sai ka gwada vers=2.1.

In hanyar ce a toshe

Ka rubuta ipconfig a Windows ka dubi adireshin kwamfutarka. A gida na yau da kullum lambobi ukun farko dole su yi daidai da na akwatin. In kai kana 192.168.0.12 shi yana 192.168.1.50, kuna gida ɗaya amma unguwa biyu. Wannan na faruwa a manyan gidaje inda aka ƙara rauta ta biyu don waifai ya kai sashen baya, aka soka wayar a ramin WAN ɗinta, ita ma ta kama raba nata adireshin. Ka mayar da ta biyun yanayin Access Point. In ba ta da shi, ka kashe DHCP ɗinta, ka ba ta adireshin da ba kowa a kai cikin zangon ta farko, ka mayar da wayar ramin LAN.

In lambobin sun yi daidai amma shiru, ka duba ko waifai na baƙi ka hau, ko an kunna AP Isolation a rauta, wanda aikinsa ke nan hana na'urori ganin juna. VPN da ke kunne a laftof ma tana iya kwashe duk zirga-zirga ta fitar waje. Kashe ta ka gwada. Haka wasu manhajojin riga-kafi suna da katangarsu da ke toshe 445 a netuwok ɗin da ba su amince da shi ba.

Maganar sauri

Ka kwafi babban fayil guda ɗaya ka kalli lambar. A waya mai gigabit, megabait 110 a daƙiƙa ko kusa da haka ake sa rai, bidiyo mai gigabait 10 ya wuce cikin minti ɗaya da rabi. In lambar ta maƙale a 11 ba ta motsi, wani wuri a hanyar yana gudu a megabit 100, bidiyon nan zai ci kwata na awa. Ko dai ramukan rautar ne iyakarsu ke nan, kamar yadda yake a wasu rautocin 4G masu araha, ko kebul ɗin ne. Gigabit na bukatar dukan silli takwas da ke cikin kebul, megabit 100 huɗu kawai. In wanda ya matsa bakin bai kama silli ɗaya da kyau ba, haɗin na iya sauka ba tare da wani gargaɗi ba. Ka canja kebul tukuna, shi ya fi araha. In rautar ce, ka sayi siwic, wato ƙaramar na'urar ƙara ramukan waya, na gigabit mai ramuka biyar, ka jona akwatin da kwamfuta a kansa, waya ɗaya ta tafi rauta, zirga-zirgarsu ba za ta ƙara bi ta ramin mai jinkiri ba.

Waifai na 2.4GHz ya ishe ka buɗe takardu, amma na 5GHz ya fi in kana kusa da rauta, don katangar bulo tana cinye shi da wuri. Dubban ƙananan hotuna kuma kullum sun fi babban fayil ɗaya jinkiri ko da nauyinsu ɗaya ne, saboda kowanne sai an buɗe an rufe.

Wuta, da shiga daga waje

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ita ce ke lalata fayil, wani lokaci har tsarin faifan. Akwati mai faifai biyu ba ya cin wuta sosai, UPS na 650VA ya ishe shi, amma ka zaɓi mai ramin USB wanda kamfanin akwatin ya lissafa a cikin masu jituwa. Ka jona USB ɗin, ka saita akwatin ya dakatar da kansa bayan minti biyar a kan batir, ka kuma kunna zaɓin tashi da kansa in wuta ta dawo. Rauta da siwic su ma su hau UPS ɗin, in ba haka ba akwatin na raye amma kwafin da kake yi ya yanke. Lokacin hunturu ka riƙa share ƙurar fankarsa, kada kuma ka kulle shi a cikin kabad.

In kana son shiga daga ofis ko daga tafiya, kada ka buɗe tashar 445 ko shafin akwatin ga intanet, kuma ka kashe UPnP, wanda ke iya buɗe su ba da saninka ba. Akwatunan da aka bari a fili su ne ƙwayar cutar DeadBolt ta kulle a 2022 ana neman kuɗin fansa. Ban da haka, layukan 4G da yawa ba sa ba mutum adireshin waje nasa shi kaɗai, ko ka buɗe tashar ba za ta yi aiki ba. Tailscale, wani nau'in VPN, yana wuce wannan: ka sa shi a akwatin da laftof da asusu ɗaya, zai ba akwatin adireshi mai farawa da 100, ka yi amfani da shi a wurin 192.168.1.50. A nan kam data ake ci, ta gida da ta inda kake, kuma saurin ɗorawa na layin gidanka shi ne iyakar abin da za ka samu.